Ajiyar Manuni a Rumbun Bayanai: Amfaninta da Illarta

A duk lokacin da ma'aikacin banki ya nemi sanin kuɗin da ke cikin wani asusu, kwamfutarsa takan aika tambaya zuwa rumbun bayanai da harshen SQL, wanda aka ƙirƙira a kamfanin IBM a shekarun 1970. Kafin manhaja irin ta Oracle ta ba da amsa, sai ta feɗe tambayar: ta duba nahawunta, ta tabbatar mai tambaya yana da izini, sannan ta tsara hanya mafi sauƙi ta zaƙulo amsar. Wannan aiki yana cin lokaci, shi ya sa akan adana tsarin a wani sashe na ƙwaƙwalwar na'ura da kowa ke amfani da shi, wato ma'ajiyar tarayya. Alamar da ke sada mai tambaya da tsarinsa kuwa ita ake kira manuni.

Ma'ajiyar nan tamkar laburaren makaranta ce. Ko da littafi yana nan, dole ɗalibi ya bi layi a nemo masa. Haka ma dubban masu aiki sukan yi jira a ƙofar ma'ajiyar, domin akan kulle kowane gurbi na ɗan lokaci yayin da ake bincika shi.

Don rage wannan cunkoso, Oracle takan ba kowane zama, wato tsawon lokacin da mai aiki ke haɗe da rumbun, damar riƙe manunan tambayoyin da yake yawan maimaitawa, ko bayan ya rufe su. Ke nan ɗalibi ya bar littafin a kan teburinsa. Ma'aunin SESSION_CACHED_CURSORS ne ke ƙayyade adadin, kuma tun daga Oracle 11g ta shekarar 2007 yana zuwa a kan 50. Idan wuri ya cika, sai a fitar da wanda ya fi daɗewa ba a taɓa ba.

Sai dai zuma da zaƙi da harbi. Muddin wani zama yana riƙe da manuni, ba za a iya share dukkan abin da yake nunawa daga ma'ajiyar ba. Zama 2,000, kowanne da 50, na iya riƙe manuni 100,000. Idan tambayoyinsu iri ɗaya ne, tsari guda zai wadatar da su. Idan kuwa sun bambanta, sai ma'ajiyar ta cushe, sararin da ya rage ya zama gutsattsari, har sabuwar tambaya ta rasa wuri, na'ura ta nuna kuskuren ORA-04031.

Saboda haka ƙwararren mai kula da rumbu ba ya ƙara adadin da ka. Yakan fara kwatanta sau nawa aka nemi feɗe tambaya da sau nawa aka tarar da manuni a ajiye. Idan zama yana cika gurabensa amma ba ya yawan dacewa, sai ya ƙara kaɗan, ya sake aunawa, yana mai lura da sararin da ya rage wa sauran jama'a.