Yadda ɓuntun shinkafa ke zama kayan cikin mota

Kusan kashi 20 cikin 100 na nauyin shinkafa shanshera ɓuntu ne. Shi ya sa yake taruwa tsibi-tsibi bayan injinan casa a Tudun Wada da maƙwabtanta Doguwa, Kiru da Bebeji. Wani a yi wa kaji shimfiɗa da shi, wani a cinna masa wuta, hayaƙin ya bi gidaje.

A wasu ƙasashe kuwa, kayan masana'anta ne. Ana busar da shi, a niƙa, a gauraya da roba, sai a samu abu mai ƙwari mara nauyi, kuma a rage robar da ake samu daga man fetur. Kamfanin Ford na Amurka ya sa shi a motar F-150 ƙirar 2014, SEAT na Sifaniya kuma ya gwada shi a sassan motar Leon a 2020.

Busarwa da niƙa na buƙatar tsayayyar lantarki, ga kuma madatsar ruwan Tiga a Bebeji. Tambayar da ta kamata matasa su yi wa masu neman ƙuri'arsu ita ce: wa zai kawo wutar da injinan, ɓuntu ya zama kuɗi maimakon toka?