Littattafai da Fina-finan Kano a Idon Matan Bakin Ruwa

Duk macen da ta yi ƙuruciyarta a Yelwan Yawuri a shekarun 1990 za ta iya tuna yadda kayan Kano ke shigowa gari. Fatake kan dawo da atamfa da turare, a ƙarƙashin kayan kuma ga ɗaurin ƙananan littattafai masu zanen saurayi da budurwa a bango. Littafi ɗaya sai ya zaga gida goma kafin ya koma hannun mai shi, bango ya yage, an ɗinke shi da zare. Ranar kasuwa kuwa wasu su bi mota zuwa Shanga, wasu su shiga jirgin ruwa zuwa Wara ta ƙasar Ngaski da tungayen masunta.

Tun daga lokacin kawunan iyaye suka rabu. Littafin Ado Ahmad Gidan Dabino, In Da So Da Ƙauna, na 1991, ya tayar da hankalin iyaye maza ƙwarai, domin a cikinsa budurwa ta faɗa rijiya saboda za a raba ta da wanda take so. Masu wa'azi suka ce ana koya wa yara bijire wa iyaye, kuma ba za a ce tsoronsu ba shi da tushe ba.

Amma matan aure wani abu daban suka gani. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar marigayi Janar Murtala, wadda ita kanta aka cire daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne a 1990. Labarin Rabi ne, uwar 'ya'ya tara, wadda mijinta ya kora bayan ya yi sabuwar amarya, ta koma sayar da abinci tana riƙe yaranta. Wace unguwa ce babu irin Rabi? Matar da ke soya kifi a bakin ruwa don ta biya kuɗin makarantar yara ba ta buƙatar a yi mata fashin baƙi. Haka Wa Zai Auri Jahila? ya shiga zukatan waɗanda aka katse wa karatu, littattafan Bilkisu Ahmed Funtuwa irin su Allura Cikin Ruwa kuma suka zama abin hira a gidan suna da gidan biki. Na san mata da dama, har a cikin danginmu, da suka dage da zuwa ajin yaƙi da jahilci don kawai sun gaji da roƙon 'yar kishiya ta karanta musu.

Da bidiyo ya zo ne ƙura ta tashi sosai. Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa, a 1990, bai tayar da hankalin kowa ba. Daga baya, musamman bayan Sangaya, rawa da waƙa irin ta Indiya ta mamaye fina-finan, 'yan mata suka koma kwaikwayon ɗinki da tafiyar 'yan wasa. Kano ta kafa Hukumar Tace Fina-finai a 2001. A 2007 hukumar A Daidaita Sahu ta ƙona littattafan da aka karɓe daga hannun ɗalibai mata, a 2016 kuma aka janye shirin gina ƙauyen fim a Kofa bayan malamai sun nuna rashin amincewa. Mu a nan sai dai mu ji a rediyo. Dokar Kano ba ta aiki a Jihar Kebbi, kuma faifan da ya riga ya tsallako gulbi babu mai mayar da shi.

A ganina, muna can muna gardamar tarbiyya wani abu ya sulale mana ba mu ankara ba. Ki tuna bikin yayarki, sa'annan ki dubi na 'yarki. Da can mata ne ke kiɗan ƙwarya da shantu a cikin gida, tsofaffi na ba amarya gargaɗi a cikin waƙa, kowace zuriya da nata salon. Yau ana kunna waƙar fiyano da aka ɗauka a Kano, an saka sunan amarya a ciki, iri ɗaya da wadda aka kunna a Gusau da Maraɗi. Ƙasar Yawuri kuwa ba ta taɓa zama mai murya ɗaya ba: ga Gungawa, ga Kambari, ga Dukawa da Shangawa, ga Sarkawa masu su. Lokacin da aka kammala madatsar Kainji a 1968, sama da mutum 40,000 aka tayar daga tsibirai da garuruwan bakin gulbi. Kakanninmu sun bar gonaki da kaburburan iyayensu a ƙarƙashin ruwa, amma sun taho da harshensu da waƙoƙinsu. Jikokinsu da yawa yanzu sun fi iya Hausar fim.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, a duk abin da na karanta ko na kalla ban ci karo da 'yar masunci a matsayin jaruma ba. Gidan bene ne, da Alhaji, da mota. Mutumin ƙauye in ya fito, sau da yawa don a yi dariya ne. Yarinyar da ta tashi tana ganin haka dole ta ɗauka rayuwa tana can wani wuri, kwalekwalen babanta da gonar albasa abin kunya ne. Alhali ko wasan Rigata kaɗai ya ishi marubuci littafi guda.

Yanzu kasuwar ta koma waya. Tashar Arewa24, da ta fara aiki a 2014, ta kawo shirye-shirye irin su Daɗin Kowa da iyali ke iya kallo tare ba a sunkuyar da kai ba. Littattafai kuma ana tura su shafi-shafi ta WhatsApp, akwai masu ma'ana, akwai na batsa tsagwaronta, kuma babu hukumar da ke tace su. Iyayenmu kan ɗaga matashi su ga abin da muke karantawa. Waya kuwa tana da lambar sirri, sai in ke da 'yarki kun saba karatu tare ne za ta nuna miki.

Ni dabarar da na yi, na daina ƙwace wayar, na ce kowane littafi za mu karanta tare mu yi gardama a kansa. Da na gaya mata Sashen Hausa na BBC ya buɗe wa mata gasar Hikayata tun 2016, sai ta sayi littafin rubutu mai shafi 60. Duk Juma'a bayan la'asar tana zuwa wurin kakarta, tana tambayarta sunan tsibirin da aka haife ta da yadda aka kwashe su a jirgi.