Sakan 30 Ba Wasa Ba Ne: Yadda Ake Haɗa Tallan Talabijin a Furojet

Ranar da malaminmu na darasin haɗa shirye-shiryen talabijin ya raba mu rukuni-rukuni, ya ce kowane rukuni ya kawo talla na sakan 30, dariya muka yi. Wani a bayana har cewa ya yi, "Haba, sakan talatin? Ai kafin la'asar mun gama." Sati uku cur muka kwashe a kai, kuma ɗaukar farko gaba ɗayanta muka zubar. Na rubuta wannan ne domin ƙannenmu 'yan ND 1 da aikin ke jira baɗi. Maki ne mai tsoka a kansa, kuma gobe idan ka je neman aiki a gidan talabijin aka ce nuna abin da ka iya, wannan ɗan bidiyon za ka ciro.

Saƙo ɗaya tak

Mu kunun aya muka zaɓa, na wata Hajiya da ke sayarwa kusa da ƙofar makaranta. Kuskurenmu na farko shi ne son faɗin komai: yana da sanyi, yana da araha, akwai tsafta, ana kai wa gidan biki, ana yin sari. Rubutun ya haura kalma ɗari, mai karantawa yana ta gudu kamar an biyo shi. Da muka nuna wa wasu 'yan hostal muka ce me suka riƙe, ba wanda ya tuna ko sunan kunun.

Talla ba fim ba ne, ba kuma rahoto ba ne. Mai kallo bai zauna dominka ba, labarai ko wasan kwaikwayo yake jira. Saboda haka ka zaɓi abu ɗaya da kake so ya rage masa a kai. Mu sanyi muka zaɓa: rana ta take, ɗalibi ya fito daga lacca a galabaice, ga gora mai raɓa. Da muka sake rubutu, kalma 40 da 'yan kai suka ishe mu.

Takarda kafin kyamara

Rubutun talla gida biyu ake raba shi. Hagu abin da ido zai gani, dama abin da kunne zai ji, wato magana, kiɗa da sauran sauti. Daga nan sai a zana kowace ɗauka a ɗan akwati, a rubuta sakan nawa za ta ci. Ba sai ka iya zane ba, mutum-mutumin sanda ma ya wadatar.

Lissafi ake yi a nan. Talabijin a Najeriya firam 25 yake nunawa a sakan ɗaya, ke nan sakan 30 firam 750 ne, ba ƙari. Gidajen talabijin da ma a ƙayyade suke sayar da lokaci, sakan 15, 30 ko 60, don haka talla mai sakan 33 bai da gurbi. Mu ɗauka 10 muka yi, yawanci sakan biyu zuwa uku kowace, muka ware sakan biyar na ƙarshe don gorar, sunan kunun da inda ake samunsa. Kada ka matse wannan ƙarshen, don shi aka yi tallan.

Ranar ɗauka

Ko da waya za ka ɗauka, ka kwantar da ita, domin allon talabijin 16:9 ne, ba tsaye ba irin na TikTok. Ka ɗora ta a kan ƙafar kyamara, ko da aro ne daga sashe. Haske kuwa, tsakar rana baƙin inuwa take sa wa a ƙarƙashin ido. Da hantsi ko bayan la'asar ya fi, kuma farin kwali ya isa ya mayar da haske kan fuska. Ko mu da muke son nuna zafi, bayan la'asar muka ɗauka, muka yayyafa wa ɗan wasanmu ruwa a goshi.

Abin da ya kashe mana ɗaukar farko sauti ne. Hoto tas, amma ga adaidaita sahu, ga janaretan masu fotokwafi. Mutum yana iya jure hoto mai ɗan dishi-dishi, amma ba ya jure maganar da ba ya ji. Muryar bayan fage a ɗaki muka sake naɗarta da daddare, mun rufe taga, mun jingina katifa a bango don kada murya ta yi amsa-kuwwa.

Ka kuma sa mutum ɗaya ya lura da daidaito. Idan gora tana hannun dama a ɗauka ta uku, kada ta koma hagu a ta huɗu, kada kunun da aka sha rabi ya sake cika. Duk wanda fuskarsa za ta fito, a nemi yardarsa tukuna.

Wajen editin

CapCut ya isa, DaVinci Resolve ma akwai na kyauta idan laftof ɗinka zai iya ɗauka. Kada ka ɗora waƙar wani mawaƙi ba izini, haƙƙin mallaka ne, kuma YouTube ko Facebook na iya toshe sautin. Ka sa kiɗa ƙasa da murya, ka saurara a lasifikar waya, ba a iyafis kaɗai ba. Ka ajiye aikin wuri biyu. Wani rukuni a ajinmu filash ɗaya suka dogara da shi, ya lalace ana jibi miƙa aiki.

Kada ka yi wa kaya ƙarya

Hajiya ta so mu ce kununta yana maganin olsa. Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, wannan ba za mu iya sa shi ba." Ta ce, "To ɗana, ai masu saye ne ke faɗa." Masu saye na iya faɗa, amma talla ba ya faɗin abin da ba a tabbatar ba. Hukumar ARCON, wadda ta maye gurbin APCON a 2022, ita ke tantance tallace-tallace kafin a watsa su, kuma abinci da magani NAFDAC ma tana da ta cewa. Furojet ba zai je gabansu ba, amma malamai a wajen difens za su tambaye ka hujjar duk abin da tallanka ya yi iƙirari.

Tallanmu dai ya wuce, Hajiya kuma ta ɗora shi a sitatus ɗinta na WhatsApp. Ƙannena, ranar da aka ba ku wannan aiki, ku bar kyamara a sito tukuna. Ku zauna ku rubuta saƙonku a jimla ɗaya, ku karanta rubutun da ƙarfi agogo na tafiya. Idan ya wuce sakan 25, ku rage.