Gonar barewa: ko dabarar maharban Amurka za ta ci a dajin Baban Rafi?

Babu Bahaushen da bai san barewa a baki ba. Kullum muna cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma idan yarinya ta cika kyan ido da sauƙin tafiya da barewa ake kwatanta ta. Amma idan yau aka tara yaran Madarunfa ƴan shekara goma sha biyar, aka ce wanda ya taɓa ganin barewa tana kiwo a dawa ya ɗaga hannu, da wuya a samu hannuwan da za a ƙirga. Dattawan Gabi da Safo da Ɗan Isa kuwa suna ba da labarin lokacin da manomi ke kwana da fargabar barewa da gada kada su shiga masa wake, har ma da giwayen da ke tsallakowa daga Najeriya suna shiga dajin Baban Rafi a shekarun 1980 zuwa 1990. Giwayen sun tafi ba su dawo ba. Barewar ma ta kama hanya.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana shi ne wata dabara ta maharban Amurka da matasanmu ke gani a wayoyinsu, har wasu na tambaya ko mu ma za mu iya. A can, mutum yakan ware wani yanki na filinsa a cikin daji, wani lokaci bai kai rabin hekta ba, ya nome shi, ya zuba taki, ya shuka abinci, ba don ya girbe ba sai don barewa ta zo ta ci. Barewar tasu ta bambanta da tamu, ta fi girma, namijin yana da ƙaho mai rassa wanda ke faɗuwa kowace shekara wani ya fito. Idan dabbar ta saba da wurin, ta yi ƙiba, ta hayayyafa, lokacin farauta ya zo, sai maharbi ya hau wata ƴar rumfa da ya kafa a bisa itace ya jira. Wasu har kyamara suke ɗaurawa a jikin bishiya don su san wace dabba ke zuwa, da ƙarfe nawa. Mai fili kuma yakan ba maharba hayar dajinsa, su biya shi kuɗi duk shekara.

Wani abin dariya, cikin irin da suke shukawa da zafi akwai wake, wakenmu dai wanda asalinsa daga Afirika aka kai shi can, akwai kuma dawa da gero da waken suya. Da sanyi sai su koma alkama da wasu ganyayyaki. Wato abin da matan Maraɗi ke auna wa a tiya suna yin ƙosai da ɗanwake, shi wani ke shuka wa naman daji.

Maharbanmu ba za su yi mamakin tushen dabarar ba, domin sun san ta tun kaka da kakanni. Maharbin ƙwarai ba ya bin dabba da gudu. Yakan san gindin aduwa ko kanyar da ke zubar da ƴaƴa, ya san inda ake lasar kanwa, ya san hanyar mashaya, sai ya ɗaura kan burtu ya sunkuya yana tafiyar tsuntsu har ya kai inda kibiya za ta isa. Bambancin shi ne namu yana jiran abin da Allah ya shuka, na Amurka kuwa yana shukawa da hannunsa.

To amma kafin wani ya ɗauki kalme ya nufi dawa, ya kamata mu kalli yadda aka yi barewa ta yi yawa a Amurka, domin labarin ya shafi ƴan kasuwa kai tsaye. Wajen shekarar 1900 barewar tasu ta kusa ƙarewa, ana ƙiyasin abin da ya rage bai wuce rabin miliyan ba a ƙasa mai faɗin gaske. Abin da ya cinye ta shi ne sarar daji da kuma fatauci: ana kashewa ana loda nama da fatu a jirgin ƙasa zuwa kasuwannin birane. A 1900 aka kafa dokar da ta hana ketara jiha da naman dajin da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba, jihohi kuma suka hana sayar da naman, suka sa lokacin farauta da adadin da mutum zai harba. A 1937 aka yi wata doka da ta ware harajin bindigogi da harsasai, wanda yau yake kashi 11 cikin 100, don kula da namun daji. Yanzu ana maganar barewa kimanin miliyan 30. Gonar barewa daga baya ta zo, bayan dabbar ta riga ta dawo. Har gobe maharbin can yana iya cin naman da ya harba ko ya yi kyauta da shi, amma ba ya kai shi kasuwa.

Mu namu lamarin ya sha bamban, kuma gara mu faɗa wa juna gaskiya. A Madarunfa ƙasa ta yi wa mutane kaɗan. Gonar da uba ya noma shi kaɗai, yau ƴaƴa biyar ko shida ke raba ta. Wanda ke lissafin ko hatsin rumbunsa zai kai shi bazara, idan ka ce masa ya bar rabin hekta na wake don barewa, sai ya dube ka ya ce ko lafiya. Ko da an samu mai halin yi, da zarar hukuma ta sanar da sakin gonaki bayan kaka, awaki da tumaki da shanu ne za su fara isa wurin, barewa sai dai ta tarar da sawu. Idan aka yi shinge don tare bisashe, an tare barewar ke nan. Idan kuma aka bar su suka haɗu a wuri ɗaya, akwai cutar da ke kashe awaki da tumaki wadda ake yi musu rigakafinta duk shekara, tana kama barewa ita ma. Amurkawa ma sun gamu da irin wannan: wata cuta mai rame barewa da aka fara ganowa a 1967 ta sa jihohi da dama sun hana zuba wa dabbobin abinci a tudu ɗaya.

Babban abin tsoro kuwa shi ne, a inda dabba ta yi ƙaranci kuma babu mai tsaron ta, gonar da ke jawo ta tarko ce. Ƴan kaɗan ɗin da suka rage a warwatse, su ne za a tara wuri guda mai fitila da bindiga ya same su cikin dare ɗaya. Barewarmu mai jan goshi tana cikin jerin dabbobin da masana na duniya suka ce suna fuskantar barazana. Nijar na da dokar farauta ta 1998 wadda ta ce sai da takardar izini, ta ba hukuma ikon buɗe lokacin farauta da rufe shi, ta kuma jera dabbobin da ba a taɓawa. Sai dai doka a takarda daban, ma'aikacin gandun daji ɗaya da babur a gaban dubban hektoci kuma daban.

Wannan ba ya nufin mu naɗe tabarmar zancen. A ganinmu gonar barewa ta ƙasar Hausa tana nan tsaye, itace ce. Ku dubi gawo. Da damina yakan zubar da ganye ya bar gero ya sha rana, da rani kuma, lokacin da ciyawa ta ƙone, sai ya yi kore ya zubo da ƴaƴa. Barewa da damina ciyawa take ci, da rani ganye da ƴaƴan itace ne ke riƙe ta: gawo, aduwa, magarya, kalgo, farar ƙaya. Kuma a nan jahar Maraɗi ne, tun farkon shekarun 1980, manoma suka soma barin kututturan gonakinsu suna tohowa, suna sassabe suna barin reshe biyu ko uku maimakon su tumɓuke. Wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo da ya zauna Maraɗi yana cikin waɗanda suka yaɗa dabarar. Masana sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya an farfaɗo da hekta kimanin miliyan 5 a Nijar, itatuwa wajen miliyan 200. Babu wanda ya yi haka don barewa, amma zomo da fakara da zabin daji ba su tambayi dalili ba.

A nan ne maganar ta iso gaban tireda da faifan ƴan uwanmu mata. Ƴaƴan gawo yau haja ce. Tun da asuba yara da mata ke tsince su, wasu ma ba sa jiran su nuna sai su sa sanda su kakkaɓe, a cika buhu a kai kasuwa don masu turkar raguna. Ba mu ga laifin kowa ba, banza ba ta kai zomo kasuwa, kuma da kuɗin ne ake sayen magi da sabulu. Amma abin da aka kwashe ƙaf a cikin daji, shi ne abincin da naman dawa zai ci a watannin tsananin rani, shi ne kuma irin da zai tsiro baɗi. Haka itacen girki. Dajin Baban Rafi ya daɗe yana dafa tuwon birnin Maraɗi. Dokar 1992 ta kafa kasuwannin itace na karkara, inda mutanen ƙauye ke sara bisa ƙa'ida, wani kaso na harajin ya koma gyaran daji. Tsarin yana da kyau, amma duk mai sayar da itace ta san ɗanye da busasshe, ta kuma san wanda aka shigo da shi ta bayan fage.

Sai naman kansa. Wanda ke tallar ƙyafaffen naman daji a ɓoye, da wanda ke yawo da ɗan barewa a hannu yana neman alhajin da zai saya ya ajiye a gida don ado, ba su fita dawa don sha'awa ba, sun san akwai mai saye. Sau da yawa kafin a kama ɗan sai an kashe uwar. Ribar kwana ɗaya ce, hajar kuma ba a sake saro ta.

Akwai darasi a Kure, kusa da Yamai. A 1996 raƙuman dawa 49 kacal suka rage a can, su ne na ƙarshe a Afirika ta Yamma. Da aka hana kashe su, aka kuma taimaka wa ƙauyukan da rijiyoyi da ƙananan basussuka, sai suka haura 600. A 2018 har aka ɗebi guda 8 aka kawo gandun Gadabeji da ke arewacin jaharmu, gandun da aka keɓe tun 1955 mai faɗin hekta 76,000, inda har yanzu ake samun barewa. Amma manoman Kure sun biya farashi, domin raƙumin dawa ma wake yake so, yana ci a gona yana ci a bisa rumbu. Kuɗin ƴan yawon buɗe ido da ake rage zafi da su kuma sun yi ƙasa bayan harin watan Agusta na 2020. Saboda haka duk wanda ya zo mana da zancen dawo da namun daji, tambayar farko da za mu yi masa ita ce: wa zai biya mai waken?

Mu ma muna da abin dogaro. Tafkin Madarunfa ya shiga jerin wuraren ruwa masu muhimmanci na duniya a 2019, kuma tun 2006 Nijar ta gabatar da tafkin da gandun dajinsa da kaburburan waliyyai 99 ga hukumar UNESCO. Wurin da ke da ruwa da itace da alfarma a idon jama'a ya fi sauƙin karewa. Abin da muke ganin zai yiwu shi ne a fara da ƙarami. Kwamitocin ƙauyukan da ke kula da kasuwannin itace su keɓe wani yanki da ba a kakkaɓar ƴaƴan itace, ba a sara, ba a harbi na wasu shekaru, da yardar hakimai da makiyaya da sarakunan maharba, domin maharbin da aka ba amana ya fi kowa sanin sawun ɓarawon nama. Zabin daji da fakara da zomo suna saurin hayayyafa, su za a fara gani. Barewa kuwa ɗa ɗaya take haifa, lissafinta na shekaru ne.

Ba mu manta da ƴan bindiga ba. Tun wajen 2019 satar shanu da garkuwa da mutane suka addabi ƙauyukan bakin iyaka, dubban ƴan gudun hijira suka shigo jahar Maraɗi daga Zamfara da Sakkwato da Katsina, dajin da muke magana ya zama wurin da mai neman itace ma ke shiga da addu'a. Babu gonar barewar da za a shuka a tsakiyar Baban Rafi cikin wannan hali. Abin da ya rage a hannunmu yanzu shi ne gefen gari: gawon da ke cikin gonaki, kurmin bakin tafki, da abin da muke yarda mu saya ranar kasuwa. Za a sake zaman tsayar da ranar sakin gonaki bayan kaka, manoma da makiyaya da hakimai duk za su halarta. Muna ganin ya kamata shugabannin matan kasuwa da na masu sayar da itace su nemi kujera a wannan zama, su kawo maganar ƴaƴan gawo da ake kakkaɓewa tun suna ɗanye.