Kparatao da hanyar goro da aka karkatar

Tun da aka rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023, kaya masu yawa da a da ake saukewa a Kwatano suka koma tashar jiragen ruwa ta Lome. Manyan motoci na hawowa ta Sokode, su wuce Kara da Mango da Dapango, su shiga Burkina Faso ta Sinkase kafin su nufi Yamai. A wajen hira sai ka ji ana cewa an jefa 'yan kasuwarmu cikin baƙuwar ƙasa wadda ba su san ta ba. Wasu har suna ƙarawa da cewa Hausawan da ke zangunan Togo ai Turawa ne suka kwaso su. Tsadar hanyar da haɗarinta gaskiya ne, babu mai musu. Amma maganar baƙunta rashin sanin tarihi ne, kuma tana ci mini rai.

Tun kafin wani Bature ya taka ƙasar Kotokoli, wato yankin Sokode, fataken Gwanja sun san kowace rijiya da kowane mashigin dutse da ke cikinta. Ayari kan tashi daga Kano ko Sakkwato da jakuna ɗauke da kanwa da turkuɗi da jar fata da busasshiyar albasa, madugu na shugabanta, jagaba na gaba. Su ƙetare Kwara, su ratsa Bargu ta Nikki, su yada zango a Jugu, sannan su shiga Kotokoli, su haura duwatsun Fazao su gangara Salaga, inda goron Asante ke jiran su. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari da wannan fatauci suka yi suna. Tafiya ce ta watanni, wani lokaci shekara ta zagayo mutum bai ga iyalinsa ba. A 1826 Baturen nan mai bincike, Clapperton, ya ci karo da irin wannan ayari a Kaiama yana dawowa daga Gwanja, ya rubuta yawan mutane da dabbobin da ya gani. Ke nan mai binciken da ake cewa ya buɗe hanya, a kan hanyar da ta riga ta tsufa ya samu kansa.

Unguwar Didawure, wadda yau take tsakiyar Sokode, mazaunin 'yan kasuwa da malamai Musulmi ce tun wancan zamani. Sarauta kuwa tana hannun dangin Mola, tana zagayawa tsakanin wasu ƙauyuka. A wajen shekarun 1880 ta faɗa hannun Uro Jobo Bukari na Kparatao, ƙauyen da ke 'yan kilomita kaɗan daga Sokode. Mutum ne da ya gane cewa wanda ya riƙe hanya shi ya riƙe dukiya. Ya tara mahaya dawaki da ake kira semasi, cikinsu har da mayaƙan Zabarma, yana karɓar kuɗin wucewa daga ayari, yana ba su kariya. Kada mu ɓoye ɗaya ɓangaren: waɗannan dawaki sun kai hare-hare kan maƙwabta, kuma bayi na cikin hajar da ke bin hanyar nan. Fataken Hausa sun saya, sun sayar.

A 1889 wani likitan sojan Jamus, Ludwig Wolf, ya iso Kparatao daga sansaninsu na Bismarckburg, ya ƙulla yarjejeniya da Jobo Bukari. Bai ƙare shekarar a raye ba, zazzaɓi ya kashe shi a ƙasar Bargu. Takardar ta rayu. A ganina sarkin aboki mai bindiga ya ɗauka ya samu, wanda zai taya shi danne abokan gaba. Jamus kuwa shaida take nema da za ta shimfiɗa a gaban Faransa da Ingila cewa ta riga su isa. Tsakanin 1897 da 1898 Hermann Kersting ya kafa barikin Jamus a Sokode, kuma mahayan Kotokoli sun raka shi yaƙin da ya kai wa ƙabilar Kabiye. Daga nan hukunci ya bar ƙofar fada ya koma ƙofar bariki. Sokode ta yi ta girma har ta zama ɗaya daga cikin manyan biranen Togo, Kparatao ta zauna a ƙauyenta.

Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne, mulkin mallaka bai kawo ciniki wannan yanki ba, juya masa fuska ya yi. Hanyar goro daga gabas take zuwa yamma. Yarjejeniyar Faris ta 23 ga Yuli, 1897 ta ba Faransa Jugu da Gurma, ta bar wa Jamus Mango da Bafilo. Wata yarjejeniya ta Nuwamba 1899 ta ba Ingila Salaga, ta ba Jamus Yendi. A 1903 Kano da Sakkwato suka faɗa hannun Ingila. Cikin shekara shida, falken da kakansa ya bi hanya ɗaya sai ga shi zai fita daga hannun Ingilishi ya shiga na Faransa, ya faɗa na Jamus, ya sake komawa na Ingilishi, kowa da harajinsa, kowa yana so kaya su gangara tasharsa ta bakin teku. Kamar kasuwa ce da aka toshe ƙofarta ta gabas da ta yamma aka fasa sabuwa ta kudu: mai rumfar da ke bakin tsohuwar ƙofa bai yi laifin komai ba, hajarsa ba ta lalace ba, masu wucewa ne kawai suka daina bi ta gabansa.

Salaga dama ta riga ta raunana, tun faɗuwar Kumasi a 1874 da yaƙin basasarta na 1892 wanda ya watsa Hausawa zuwa Kete-Karachi, cikinsu har da Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano da ya zama limami a can har rasuwarsa a 1934. Abin da ya ƙarasa hanyar shi ne ƙarfe. Jirgin ƙasa ya isa Kumasi a 1903, ya isa Kano a 1911. Goro ya koma bin jirgin ruwa zuwa Ikko, daga can ya hau dogo. Jaki ba zai yi tsere da wannan ba. Jamus ma ta gina gadar sauke kaya a Lome a 1904, ta ja dogo zuwa Atakpame, Faransa ta ƙarasa shi Blitta daga baya, a nan ya tsaya bai kai Sokode ba. Mulkin Jamus ɗin kansa ya ƙare a Agusta 1914 da miƙa wuya a Kamina, aka raba ƙasar, yankin yamma ya bi Gana a 1957, saura ya zama Togo a 27 ga Afrilu, 1960. Siririyar ƙasa ce doguwa daga teku zuwa Dapango, siffar hanyar da aka gina ta a kanta.

Saboda haka Hausar da direba ke ji a zangon Sokode ko kasuwar Dapango ba ta jiya ba ce. Wasu zuriyar fatake ne, wasu mahauta da dillalan shanu da suka biyo baya, kuma har yanzu a gidajensu baƙo daga Arewa ke samun masauki da mai yi masa tafinta.

Abin takaici, shugabanninmu sun gaji layukan iyakar mulkin mallaka sun riƙe su da ƙarfi fiye da waɗanda suka zana su. Yankin Dapango na ƙarƙashin dokar ta-ɓaci tun 2022 saboda hare-haren 'yan bindiga, kuma ta nan ake tura direbobi su bi, alhali gajeriyar hanyar Gaya na nan an sa mata shinge saboda saɓanin gwamnatoci. Nijar da Burkina Faso da Mali sun fice daga ECOWAS a Janairu 2025. Ɗan kasuwar da zai gwada bin sawun ayari yau daga Kano zuwa Salaga sai ya ƙetare iyaka uku, ya canja naira zuwa sefa, ya canja sefa zuwa sidi, kuma a kowane shinge akwai mai kaki da ke jiran ya miƙa wani abu kafin a ɗaga masa sanda.