Nazarin Kaska a Ƙasar Katsina: Dangantakar Dabbobin Gida da Namun Daji

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu jawo hankalin mahalarta taro zuwa ga wani gibi da ke cikin binciken kaska a Arewa, muna misali da karkarar Batagarawa, wadda ke gab da birnin Katsina. Tun daga kewayen da Unsworth ya yi wa shanun Nijeriya, wanda aka buga a 1952, har zuwa ayyukan malaman Zariya da na Vom, yawancin kaskar da aka tattara daga jikin saniya aka ciro ta. Amma akwai kaskar da ba ta yin rabin rayuwarta a kan saniya.

Mu ɗauki kaska mai zane a baya, wadda masana ke kira Amblyomma variegatum. Sau uku take hawa dabba, kowane hawa da mai masaukinsa. In ta ƙyanƙyashe takan kama zabo ko zomo ko bushiya, ta sha jini, ta faɗo ƙasa ta yi saɓa, ta sāke hawa wata dabbar da rani. Sai ruwan farko ya sauka sannan manyan su fito, su nufi hantsa da maraina da ƙarƙashin wutsiya. Macen da ta ƙoshi tana iya zuba ƙwai dubbai. Ashe ke nan makiyayin da ya kwana yana cire kaska da hannu reshe kawai ya sare, saiwar tana can cikin ciyawa da jikin zabin daji.

Ɓarnarta kuwa iri biyu ce. Ita ke ɗauke da ƙwayar cutar nan mai tara ruwa a jakar zuciya, wadda Cowdry ya gano a Afirka ta Kudu a 1925, mai sa akuya ko tunkiya ta riƙa kewaye tana faɗuwa. Kuma an tabbatar cewa inda ta yi yawa, nan kirci ke tsananta da damina, fata ta lalace, nono ya ragu. Farfaru da jajayen shanunmu suna jurewa, domin tun suna maruƙa suke gamuwa da waɗannan cututtuka. Shanun Turai da ake kawowa don madara su ne ke fara faɗuwa. Saboda haka muna ganin ƙoƙarin share kaska kakaf daga garken gargajiya kuskure ne. A rage ta da damina ya fi.

Sai kaskar ƙasa mai fari, wato dangin Hyalomma, wadda ke bin raƙuma da shanun da ke shigowa daga Nijar ta Jibiya da Mai'aduwa. Wannan ta shafi ɗan Adam kai tsaye, don ita ke yaɗa zazzaɓin zubar jini na Kirimiya da Kwango. A 1970 masu bincike a Ibadan suka ba da rahoton samun ƙwayarsa a jikin shanu da kaska da kuma bushiya a Nijeriya. Dabbar ba ta nuna alamar ciwo. Mahauci da makiyayin da ke murƙushe kaska da farce su ke cikin haɗari.

Akwai kuma baƙuwa, Rhipicephalus microplus, 'yar asalin Asiya, wadda aka gano a Kwaddibuwa a 2007, aka kuma tabbatar da ita a Nijeriya a 2017. An san ta da bijire wa magungunan feshi. Ƙasarmu ta yi mata fari, amma shanun da ke tafiya kudu cin rani suna dawowa gida da damina.

Tun da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa tana zaune a cikin ƙaramar hukumar Batagarawa, aikin ba ya bukatar doguwar tafiya. Abin da muke ba da shawara shi ne a zaɓi 'yan garkuna a riƙa ƙirga kaskarsu wata-wata har shekara biyu, a haɗa da zabi da zomaye da bushiyoyin da mafarauta ke kawowa, a kuma rubuta sunan da makiyayi ke kiran kowace kaska da shi tun kafin a jefa ta cikin kwalba.