Ido Kaɗai Ba Ya Tantance Harawa

Akwai maganar da ake yawan ji a bakin masu kiwo, har da waɗanda suka yi boko: wai wanda ya tashi cikin dabbobi ba ya buƙatar ɗakin gwaji, da ya ga ganye da fure ya san ciyawar. Ban raina wannan ilimi ba. Makiyayin da ke hana shanunsa kusantar gyauron dawa lokacin fari ya riga littafi sanin akwai guba a ciki. Sai dai a dangin wake da ake nomawa don dabbobi, kama da wane ba wane ba ne.

A Amurka da Kanada ana noma alfalfa da wata 'yar uwarta, Melilotus. Suna ƙanana kusan ba a bambance su, duka ganye uku-uku ne. Amma Melilotus na ɗauke da kumarin, wani sinadari mai ƙanshi da ɗaci. A shekarun 1920 shanu suka riƙa mutuwa a Dakota ta Arewa da Alberta: a fiɗiye sa ko a yanke masa ƙaho, jini ya ƙi tsayawa har ya faɗi. Likitan dabbobi Frank Schofield ne ya gano cewa harawar Melilotus da ta yi fumfuna ce sanadi. Fumfunar ke juya kumarin ya zama dikumarol, wanda ɗakin gwajin Karl Link a Jami'ar Wisconsin ya ware a 1939. Daga nan aka samo warfarin, maganin ɓera da ya koma maganin hana daskarewar jini.

Za a ce ai gogaggen manomi zai bambance alfalfa da Melilotus in sun girma. Haka ne. To amma cikin Melilotus ɗin kanta akwai jinsin dentatus, wanda kusan ba shi da kumarin, ko ya yi fumfuna ba ya tsinka jini, ga kuma albus mai kisa. Da aka zo samar da iri marar ɗaci, awon sinadarin ganye aka riƙa yi, tsiro bayan tsiro, don siffa ba ta nuna yawansa.

Masu cewa dabba ta san abin da zai cutar da ita kuwa, su tuna shanun nan sun yi makonni suna cin harawar da bakinsu. Shi kansa makiyayin da ke murza ganye ya kai hanci, sinadari yake bincika, kawai dai hanci ba ya iya faɗin ko kaɗan ne ko da yawa.